Ciwon Rahina Ba Daga Furar Inna Delu Yake Ba

Assalamu alaikum. Mai girma mai unguwa shugaban wannan taro, Malam Liman, iyayena mata da kuka goya ni a lungunan Birni, samari da 'yan mata, jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku gaisuwar girma. Na gode da kuka ba ni dama, ni Ummul Khairi da kuka sani da majina a hanci, yau wai ni ce lokotoro, wato likita.

Maganata a kan ƙanwarmu Rahina ce, wadda gaɓoɓin hannunta suka kumbura har ta kasa ɗaura zane. Wata huɗu ke nan ana raɗa cewa Inna Delu ce ta sa mata wani abu a fura. Wata huɗu ba wanda ya sayi furarta, wata huɗu ba wanda ya kai mata goron suna.

To ku saurara. Da farko, Allah Ya sanya a jininmu wasu ƙwayoyi masu yaƙi da cuta, ana kiransu ƙwayoyin T. A bayan ƙashin ƙirji akwai wata 'yar tsoka mai suna timus, ita ce lakkwal ɗinsu, wato makarantarsu, tun muna cikin uwa. A nan ake nuna musu naman jikin mai su, wadda duk ta zabura za ta kai masa hari sai a kashe ta.

Na biyu, ba duka ake kashewa ba. Wasu daga cikin waɗanda suka gane jikin sai a mai da su masu rabon faɗa, aikinsu su riƙe 'yan'uwansu idan suka ɗaga hannu a kan na gida. Idan masu rabon nan suka yi rauni, sai jiki ya far wa kansa. Mun auna jinin Rahina, mun ga jikinta ne ke yaƙar gaɓoɓinta, kuma da yardarta nake faɗa. Tana shan magani, kumburin ya fara sauka.

Jiya na je in yi wa Inna Delu wannan bayani. Ban kai rabi ba ta tare ni, ta ce, "'Yata, bar zancena. Yarinyar tana iya cin abinci da hannunta?" Wallahi kunya ta kama ni a madadinmu duka, na yi kuka a gabanta.

Ga ta can a bayan taro, da ƙyar na shawo kanta ta fito. Ina roƙonku, iyayena, kada wanda ya tashi bai nemi gafararta ba. Rahina ta ce ita za ta fara.

Allah Ya ba Rahina lafiya, Ya sanyaya zuciyar Inna, Ya tsare harsunanmu daga cutar da namu, Ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.