Ni Na Sayo wa Ƙanwata Sha-ka-fashe

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Daga Daura nake rubutowa, raina ba daɗi.

Ƙanwata Hadiza siririya ce tun tana ƙarama. Da aka sa ranar aurenta, na dame ta da cewa namiji ba ya son ƙashi. Na sayo mata sha-ka-fashe, maganin ƙiba, a kasuwa. Ta ce, "Yaya, ina tsoro." Na ce ta shanye.

Yanzu tana kwance a asibiti, duk ta kumbura. Angon ya zo dubiya, ya ce mini, "Yaya, ni fa a haka na gan ta na ce ina so."

Masu sauraro, da wane baki zan nemi gafararta? Har yanzu in ta farka, ni take fara kira.