Allon Ɗumin Illa

Kuɗin mota ma, ku ji da kyau, akuyar innata anka saida. Ita ta kai mu Aljeriya mu biyu, ni da Illa ɗan ƙanen babana, wanda ni na koya ma naɗin rawani. Ku riƙe wannan.

Kuna kukan sanyin garin nan namu Deule? Yara, ba ku ga sanyi ba. A Setif ruwan alwala cizo yake. Can munka samu aiki gun wani Balarabe mai kafa ma mutane pano na ɗumama ɗaki. Farin allo ne kawai, ba garwashi, ba hayaƙi, sai kuran, wato wutar lantarki. Su ce mishi "amfararuj", suna murɗa baki kamar masu kurkure. Ni dai allon ɗumi nake ce mishi.

Wata rana patoro, wato Balaraben ubangidanmu, ya ce aiki ya ragu, mutum guda zai riƙe. To wa za a riƙe in ba babba ba? Ya kai mu gidan uwarshi, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ya miƙo mini allo.

"Ina za ka sa shi?"

Haba! Ni da na tashi ina hura ma kakata kasko? Na ce ƙasa, a kusurwa, a rufe taga zafi ya hau ya cika ɗaki. Na jingine shi bayan kujera, munka tsaya jira. Bayan kujera ya yi zafi rau, tsohuwa tana ta makyarkyata.

Sai Illa, da ba wanda ya tambaye shi: "Patoro, wanga abu ba kasko ba ne, hantsi ne. Wanda ya fuskanta shi yake gasawa."

Ya hau tsani, ya ɗaure shi sama, saitin dardumar sallarta. Ba a jima ba tsohuwa ta miƙe ƙafafu, ta ce, "Allah shi yi ma albarka, ɗana." Ɗana! Ni ko kallo ban samu ba.

"Kai babban," in ji patoro, "daga yau kai ke riƙe mishi tsani."

Na ce, "Ni? Wanga yaro na goya shi!"

"To riƙe da kyau kada ya faɗo."

Wata na ƙarewa ya sallame ni. Na dawo da bargo guda da tari. Kishi? Ƙwarai kuwa, ina yi, ban ɓoye ba.

Illa yanzu ya gina gida a Buza, inda akwai kuran, ya kafa ma uwarshi irin allon. Ni ma na je kasuwa na zaɓo ma Inna kasko mafi girma, kullum ni ke hura mata da hannuna. Da sanyin bana ya shigo, sai na tarar tana naɗe tabarma.

"Inna, ina zuwa?"

"Buza, gidan Illa. Hayaƙin nan naka shaƙe ni yake."

Na ce, "Ai ni kika haifa."

Ta ce, "Na sani. Ɗauko mini ƙullin, ka raka ni tasha."

Ni na ɗauka.