Sunan da Ya Goge a Jarida

A ɗakin jira na wani asibitin ido a Nassarawa GRA, wani dattijo ya miƙa wa matar da ke gefensa tsohuwar jarida.

"'Yata, karanta min nan."

"Ɗaliban sashen kasuwanci na jami'a sun lashe gasa da dabarar busar da tumatir: Usaid Baffa da... Baba, nan ya goge."

"Khadijatu Aƙilu. Yawan shafawa ne." Ya lumshe ido. "Autata ce. Shekara talatin ina ban ruwan furanni a gidajen nan. Wata rana ɗayansu zai zama ofishinta."

"Ashe ka haddace! To me zan karanta maka?"

"A bakin mutane ya fi daɗi. Ke ce ta bakwai yau. Maimaita, 'yata, a hankali."