Barguna Zuwa Yanbu

A tashar tasi ta unguwar Anbariyya, wata dattijuwa mai barguna biyu ta tare ƙofar motar Yanbu, wani matashi na tsaki a bayanta.

"Hajiya, yalla, yi sauri mana! Bakin teku za mu, wa ke kai bargo can?"

"Ba ka ji hasashen yanayi ba? Jibi sanyin da ba su taɓa gani ba zai sauka."

"Ai kowa na da ɗakinsa."

"Ɗana ma cewa yake ya kama shaƙƙa, gidan haya guda. To me ya sa in na kira da asuba, iska da ƙarar teku nake ji?"

Matashin ya miƙa hannu ga bargunan.

"Kawo in riƙe miki. Ni ma abin da ɗanki ke gaya miki nake gaya wa Ummina."