Abu Huɗu a Murfin Kwalin Don Telo

Jawabin Santiago Almonte, wanda ake kira Chago, kocin ƙungiyar besbol (wasan jifa da bugun ƙwallo da sanda) ta Ƴan Gishiri, a taron kwana tara da rasuwar Don Eleuterio Paulino, wanda aka fi sani da Don Telo, a filin wasa na Puerto Almendro, Jamhuriyar Dominika.

Fada Anselmo, uban ikilisiyarmu. Magajiyar Gari, Doña Clarivel Ureña. Shugaban ƙungiyarmu, Injiniya Radhamés Tavárez, da ƴan kwamitinsa. Uwarmu Doña Eufemia, matar marigayi, da ke ƴarsa Yokasta da yaranki. Ƴan wasa na da da na yanzu. Jama'ar gari baki ɗaya, har da waɗanda ƙamshin farfesu ya kawo: sannunmu da haƙuri.

An ce in yi magana ta minti biyar, in faɗi alherin mamaci. Alheri kam zan faɗa. Minti biyar ɗin ne ban ɗauki alkawari ba. Kafin in fara, ku riƙe abu ɗaya a ranku: gobe Litinin, ƙarfe goma sha biyun rana, ake rufe rajistar ƴan wasan kaka mai zuwa, kuma gurbi ɗaya tak ya rage mana. Zan dawo kansa.

Don Telo ya kasance mai neman mana ƴan wasa shekara talatin da ɗaya. Ya kasance mutumin da zai hau motar haya ta awa huɗu don ya ga jifa shida, ya dawo ya ce, "Babu komai a can." Ya kasance mai faɗar gaskiya ba tare da ya shafa mata mai ba. Ina da shekara goma sha bakwai ya gan ni ina kai wa kowace ƙwallo sara da sanda kamar mai korar zanzaro. Ya kira ni gefe ya ce, "Ɗan nan, wa ya ce maka kai mai bugu ne? Ajiye sandar, tsuguna." Na tsuguna a bayan mai bugu ina cafke jifa har shekara goma sha huɗu. Gwiwoyina ba su yafe masa ba, amma da wannan tsugunon na yi aure na gina gida, shi ne kuma ya riƙe ƴata ranar baftisma. Tun daga ranar muke kiran juna kompadre.

Kowa a nan ya san al'adarsa. Washegarin ranar da aka fitar da mu daga gasa, da sassafe, zai zo ya zauna shi kaɗai a can saman benci da kofinsa. Zai yage murfin kwalin sigarinsa, ya rubuta abin da ƙungiya ke bukata a lokacin hutu in har muna son ɗaukar kofin gasa. Ba ya wuce layi uku ko huɗu. Sai ya kai wa kwamiti hannu da hannu. Sau ashirin da biyu ya yi haka, kuma kusan kullum layin farko ɗaya ne: majefi bahago.

Don waɗanda ke zuwa fili cin soyayyar ayaba kawai, bari in yi bayani. Mai bugu bahago yana shan wuya a hannun majefi bahago, domin ƙwallon tana kauce masa. Abokan hamayyarmu, Ƴan Koko na Loma Prieta, kullum suna jera masu bugu bahagwai uku a jere. Majefinmu na farko yakan gaji wajen zagaye na bakwai. A na takwas waɗannan ukun su fito, mu kuma mu duba benci, babu bahago ko na magani. Jikata mai shekara shida ta san wannan. Mai sayar da ruwan kwakwa a bakin ƙofa ya sani. Kwamiti ne kawai labarin bai kai musu ba.

Me muke yi da murfin? Mukan karɓa da hannu biyu, mu ce za a duba, sannan mu je mu ɗauko ƙaton mai bugu. Ina nan a ofis wata shekara, da kunnena na ji.

Injiniya ya ce, "Haba Telo, wa zai sayi tikiti don ya ga bahago ya fitar da mutum ɗaya ya koma ya zauna? Mutane ƙwallo suke son gani tana tsallake katanga."

Telo ya ce, "Gaskiyarka, Injiniya. Shi ya sa tikitin wasan ƙarshe ba ya wahalar da mu. Ba ma buga shi."

Kun tuna Guduma, ƙaton mai bugun da muka ɗauko? Da ganguna muka tarbe shi tun daga gada. Shi kaɗai yake cinye ayabar mutum uku da safe. Ya iya bugu, ban hana shi ba, sau huɗu yana fasa tagar mai kemis a bayan fili, har mai kemis ya sa waya. A wasan da zai kai mu ƙarshe ya tsallakar da ƙwallo biyu katanga, gari ya ɗauka, mata na buga murfin tukunya. Muna da takwas suna da biyar. Aka shiga zagaye na takwas, aka tashi suna da tara muna da takwas. Na waiga na ga Telo yana cire murfin kwali tun ba a share fili ba.

Ya kasance mai haƙurin da har yakan ba ni haushi. Wata rana biro ya faɗi mini a ɗakin taron kwamiti, na sunkuya, sai ga murfin shekarar an ninke shi huɗu an tokare ƙafar tebur da shi. Na zare shi na kai masa gida, na same shi yana buga domino a gindin mangwaro.

Na ce, "Kompadre, dubi inda na tsinci aikinka!"

Ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Teburin ya daina rawa?"

Na ce, "Ya daina."

Ya ce, "To mayar musu. Wannan ne na farko da ya yi amfani."

Doña Eufemia, ki yafe mana. Shekara shida rufin kicin ɗinki yana yoyo, mijinki yana nan da shebur yana yashe magudanar ruwan da ke bayan tasha ta uku a filin nan, wadda ya rubuta a murfi sau goma sha ɗaya. A laka ta wurin ne ɗan wasanmu Nelio ya karya idon sawu, bai sake wasa ba. Kin taɓa ce mini, "Chago, ni kishiyata ba mace ba ce, kwata ce." Mun yi dariya a lokacin. Yau kunya nake ji, domin tsoho mai shekara saba'in muka bari yana yi mana aikin da kwamiti zai gama cikin mako ɗaya.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Shekaranjiya aka nuna mini zanen mutum-mutumin da za a kafa wa Telo a ƙofar fili. An zana shi riƙe da sandar bugu. Sanda! Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana roƙonmu mu bar sanda mu nemi hannu. Aka kuma ce mini gurbin da ya rage za a ba wani sabon ƙato ne da zai sauka gobe, wai don girmama marigayi. Jama'a, yana raye mun yi masa kunnen uwar shegu, ya mutu kuma za mu tsayar da shi a rana riƙe da abin da ya fi ƙi?

Wilkin Severino, kana can baya da hular kwano a hannu, ɗaga hannu a gan ka. A'a, na hagun. Yauwa. Da yawanku ya kai ku kasuwa a acaɓarsa. Ya yi shekara uku a ƙananan ƙungiyoyin Amurka, aka sallame shi, ya dawo bai gaya wa kowa ba. Telo ya gan shi ya ɗauki dutse ya jefo mangwaro daga ƙololuwar bishiya. Mako uku tsohon nan yana hawa bayansa kullum, babu inda za shi, sai surutu, har ya shawo kansa ya zo fili. Ni na tsuguna na cafke masa jifa ashirin, kwana biyu ban iya riƙe cokali ba. Ƴan Koko sun riga sun aiko masa. Ya ce musu ya yi wa tsoho alkawari zai jira mu har Litinin. In muka ba ƙato gurbin nan, a kaka mai zuwa Wilkin zai jefe mu, sanye da rigarsu.

To amma kada Injiniya ya zaci shi kaɗai na zo wa. Bana ciwo ya hana Telo hawa benci, a gadon asibiti ya rubuta murfi na ashirin da uku. Ya damƙa mini, ya riƙe wuyan hannuna ya ce, "Kompadre, kai za ka kai. Ka karanta musu duka, ban ce rabi ba." Mako biyar ke nan yana cikin aljihuna. Ban kai ba. Ga shi, zan karanta.

Na ɗaya, bahago: Wilkin. Na biyu, mai cafka na biyu, wanda ba ya tsoron ƙwallon da ta daki ƙasa. Na uku, magudanar ruwa. Na huɗu, sabon koci. Ya ƙara da ƙananan baƙaƙe: "Chago yana son yaransa fiye da kima. Idan majefi ya gaji, idonsa yake kallo maimakon hannunsa. A bar shi ya huta."

Na zage shi a raina, yana kwance yana mutuwa na zage shi. Na ce tsufa ne da zafin ciwo. Amma kuna nan a wasanmu na ƙarshe. Zagaye na takwas, na taka har tsakiyar fili don in karɓi ƙwallo daga hannun majefinmu Franklin. Ya ce, "Koci, don Allah bar ni, saura mutum ɗaya, mahaifiyata tana kallo." Na ga hannunsa ya yi nauyi, ina da mai sabon ƙarfi a benci, amma na dafa kafaɗar Franklin na bar masa ƙwallon na juyo. Kun san inda ƙwallon ta faɗa: bayan katanga. Ba laifin Franklin ba ne, ba kuma na kwamiti ba. Ni da na yi ta kumfar baki a kan murfin da aka tokare tebur da shi, da aka zo kaina sai na ɓoye nawa a aljihu.

Yokasta, zo ki karɓi hular kocin nan, ki ajiye ta kusa da hoton babanki. Shekara goma sha biyu tana kaina. Abu na huɗu ne kawai yake hannuna, na kuwa cika shi yanzu a gabanku. Injiniya, saura uku, suna hannunka, kana da har sha biyun ranar gobe. Ga murfin. Kada ka damu da teburin, jiya na kai kafinta ya gyara ƙafar.

Na gode wa Fada, na gode wa Magajiya, na gode wa matan da suka wuni a bakin murhu, da duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Doña Eufemia, ranar Asabar ni da tsofaffin ƴan wasa muna zuwa da kwanon rufi, yanzu ina da lokaci.

Ubangiji ya jiƙan Eleuterio Paulino, ya yafe masa kurakuransa, ya ba shi hutun da bai taɓa ɗauka ba ko a lokacin hutu. Ya sanyaya zuciyar matarsa da ƴarsa da jikokinsa. Mu kuma da ya bari, Allah ya ba mu kunnen da muka hana shi yana raye. Amin.