Jan-baki Na Tafe, Zailani Ba Ya Nan

Jawabin Malam Ya'u Kara, shugaban manoman shinkafar fadamar Kara, a wurin addu'ar arba'in ta marigayi Zailani Mai Lasifika, a Gwarzo.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi. Allah ya ja zamanin Dagacin Kara da masu unguwanni. Allah gafarta Malam Liman da sauran malamanmu. Alhaji Hambali, yayan marigayi, uban wannan gida a yanzu. Uwaliya da ke takaba a ciki tana jin mu, 'yarsa Kamila da ƙannenta, baƙinmu na Kabo da Mainika, assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙuri?

Da safen nan dattawa biyu suka ja ni gefe, suka ce, "Ya'u, ka yi maganar sallarsa da zumuncinsa, ka bar maganar kiɗan nan." Na san da alheri suka faɗa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In na tsaya nan ban ambaci kiɗan ba, to wani mutum daban na yaba, ba Zailani ba.

Ya kasance mai lasifikan garin nan tun muna da baƙin gashi. Tafsirin azumi, ɗaurin aure, sanarwar rigakafi, duk da kayansa ake yi, kuma in aikin masallaci ne ko ruwan sha ba ya karɓa. Ya kasance mutum mai kunya, in ya durƙusa gaida babba ba ya miƙewa har sai an ce ya tashi. Kuma ya kasance mai son wani kiɗan Turawa da ake kira tirash metal, so irin wanda ba ya jin magana.

Yana saurayi ya yi aikin janareta a wurin ginin madatsar ruwa, wani injiniya Bajamushe da zai koma gida ya bar masa kwali cike da kaset. Ranar da na fara ji a shagonsa na ce, "Zailani, rediyon nan ya lalace." Ya yi dariya ya ce, "Ƙalau yake, Ya'u. Saurari mai gangar nan, da ƙafa biyu yake duka, kuma bai taɓa kuskure ba." Ni dai ban ji komai ba sai injin niƙa da tsakuwa ta faɗa ciki. Shi kuwa ya san ƙungiyoyinsu ɗaya bayan ɗaya, na Amurka da na Jamus da na Barazil. Ya san faifan da suka fitar suna yara da zafin kai, da wanda suka fitar bayan sun yi kuɗi sun yi sanyi. Wannan na biyun, cewa yake yi sun ci amana. An kira shi mai taɓin hankali, an ce kiɗan aljanu yake ji, bai taɓa ramawa ba.

Sai shekarar da jan-baki ya sauko mana a Kara. Wanda bai noma shinkafa ba bai san tsuntsun nan ba. Ƙarami ne, amma in garkensa ya taso sai rana ta dushe, kafin ka ɗaura sallah ka idar ya bar maka kara tsaye. Muka kwashe 'ya'yanmu daga makaranta, muka ba su gwangwani da majajjawa, tun asuba har faɗuwar rana, muryoyinsu suka dishe, tsuntsu bai fasa ba. Ana cikin haka sai ga Zailani da amalanke, ya ɗoro janareta da lasifika. Na ce, "Wa ya mutu?" Ya ce, "Matsa gefe ka toshe kunnenka."

Jama'a, da idona na ga garken nan ya tashi sama ya juya, bai sake sauka a fadamarmu ba ranar. Jakin Nata'ala ma ya tsinke igiya, sai a Unguwar Tudu aka kamo shi.

Tun daga nan ya kasance duk kaka yana tare da mu. Tsuntsu yana sabawa da ƙara, don haka yake canza kaset kafin ya saba. Wasu waƙoƙin suna farawa a hankali, da jita mai taushi, to duk ya yanke waɗannan wuraren ya haɗa masu zafin zalla, don in kiɗa ya lafa tsuntsu ya dawo. Sunayen Turancin sun fi ƙarfin harshenmu, sai muka raɗa musu namu. Akwai Ruwan Ƙanƙara, akwai Tirela Ba Birki, akwai na Jamusawan nan da muke kira Ƙarshen Magana, wanda ba a sa shi sai garke ya yi taurin kai. Lokacin sallah na yi yake kashewa, ya yi mana limanci a bakin gona. Yaranmu suka koma aji. Wasunsu suna zaune a nan, malaman asibiti ne yanzu.

Alhaji Hambali, yanzu da kai nake. Labari ya iso mana cewa ka yi niyyar ƙona kaset ɗin nan bayan an tashi daga addu'a, don kada duk sanda aka kunna a rubuta wa ƙaninka zunubi a kabarinsa. Allah gafarta Malam, na ga ka gyara zama, ba fatawa zan yi ba, ban kai ba. Ni manomi ne. Abin da na sani shi ne shinkafarmu ta fid da kai, ƙwayarta tana ruwa-ruwa, kuma mutanen Kabo sun ce sun ga garke yana yiwo nan. Samari suna cewa ai waƙoƙin suna cikin waya. To wa zai zaɓa, wa zai yanka, wa zai jera? Kuma in gidansu da kansu sun cinna wa abin wuta, wane manomi ne zai yi ƙarfin halin kunna irinsa a Kara? Tsoro nake ji, Alhaji, wallahi tsoro nake ji. Ka ara mana su kakar nan kawai, in akwai laifi a ɗora a wuyanmu, mu da muka roƙa.

Na'am, Alhaji? Ɗaga murya kaɗan.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ku yi shiru, don Allah ku yi shiru! Mutanen Kara, kowa ya zauna! Ga waɗanda ke baya ba su ji ba, Alhaji ya ce lasifika da janareta ya ba mu halak malak. Kaset kuwa tun jiya ya ƙona su, bai bar ko ɗaya ba. Ya ce shi ya sa ƙaninsa a kabari da hannunsa, ba zai iya barci ba yana tunanin ana ƙara masa nauyi.

Sai yanzu na gane abin da ya sa hannunka na dama yake naɗe da tsumma, Alhaji. Aikin gama ya gama. Raina ya ɓaci, ba zan yi maka ƙarya a gaban jama'a ba, amma kada wanda ya fita daga nan ya zage ka. Son Zailani ya kawo mu roƙo, son Zailani ya sa ka kunna ashana.

Muna godiya ga wakilin Hakimi, da malamai, da duk wanda ya taso daga nesa. Uwaliya, Kamila, buhunku na shinkafa yana nan kamar kullum, ko da shi kaɗai tsuntsu ya bar mana.

Ya Allah, ka fi mu sanin bawanka Zailani. In kiɗan nan laifi ne, ga shi wuta ta cinye shi tun a duniya, ka yafe masa. In kuwa akwai lada a cikin kowace loma da ya tsare mana, ka kai masa ita cikin kabarinsa. Ka sanyaya zuciyar Alhaji, ka warkar da hannunsa, ka kau da tsuntsun nan daga kanmu.

Mutanen Kara, in an shafa kada kowa ya tsaya jiran abincin sadaka, babu kowa a gona. Malam Liman, a ja mana Fatiha.