Amsa Tana Tsotson Yatsa

A ɗakin jira na asibiti, wani direba yana ta karkaɗa ƙafa. Kusa da shi tela ne, da jariri a cinya. Ina bencin bayansu.

"Malam, za ka karya mana benci," in ji telan. "Me ya kawo ka?"

Direban ya rage murya. "Ɗaure jijiyar maniyyi. Haihuwar ƙarshe saura ƙiris uwar yara ta tafi. Likita ya ce kada ta sake ɗaukar ciki."

"To rawar ƙafar ta mece ce?"

"Abokai sun ce in an ɗaure, mutum ya koma yayar matarsa."

Telan ya tuntsire da dariya. "Ni bara aka yi min!"

Direban ya kalli jaririn, ya kalli telan. "To wannan ɗan waye?"

"Nawa ne, dubi kunnuwan! An ce akwai ragowar iri a hanya, mu kiyaye sai na dawo an gwada. Ɗinki ya yi min yawa, ban dawo ba, ban kiyaye ba."

"Amma ƙarfin fa, yana nan?"

Telan ya ɗaga jaririn sama. "Ga amsa tana tsotson yatsa."

Ma'aikaciyar jinya ta kira direban. Ya miƙe, ƙafar ta daina rawa. Telan ya kamo gefen rigarsa, babu dariya yanzu.

"Ɗan'uwa, ka dawo gwajin nan. Ni gangancina an raɗa masa suna. Kai naka a kan uwar yara zai ƙare."